Yadda Za Ka Tura Bincikenka na Tabbatar da Ingancin Manhaja Zuwa Taron Bita na Masana

Akwai wani reshe na ilimin kwamfuta da ba ya gamsuwa da a gwada manhaja sau dubu a ce ta yi aiki. Masu wannan fanni hujjar lissafi suke nema, irin wadda za ta nuna cewa duk abin da aka ba manhajar, ba za ta kauce wa abin da aka ce za ta yi ba. Tun 1969 Tony Hoare ya shimfiɗa ƙa'idojin yin hakan, kuma daga nan aka samu kayan aiki irin su Isabelle, Lean, Dafny, KeY, da Coq wanda yanzu ake kira Rocq. Idan kana digiri na biyu ko na uku a wannan fanni kuma ka samu wani sakamako, komai ƙanƙantarsa, taron bita ne wurin da ya fi dacewa ka fara kai shi. Zan yi amfani da taron FTfJP, taron bita kan hanyoyin lissafi na tabbatar da ingancin manhaja, a matsayin misali, domin ya daɗe kuma tsarinsa ya yi kama da na sauran.

Mataki na farko: san inda za ka

An fara FTfJP a 1999, kuma bisa al'ada ana yinsa ne a gefen babban taron ECOOP, wanda ya tattara masu bincike kan harsunan rubuta manhaja tun 1987. Harafin J da ke sunan, asalinsa Java ne. Daga baya aka buɗe ƙofa ga harsuna masu kama da Java irin su C#, Scala da Kotlin, sannan a 2025 aka mayar da ma'anar harafin zuwa kalmar Judicious, alamar cewa taron ya daina ɗaure kansa da harshe ɗaya. Wurin taron yana yawo tare da ECOOP: Berlin a 2022, Seattle ta Amurka a 2023, Vienna a 2024, Bergen ta ƙasar Norway a 2025.

Bambancin taron bita da babban taro shi ne, babban taro kamar POPL ko OOPSLA yana son aikin da ya nuna sarai. Taron bita kuwa yana karɓar aikin da ke kan wuta, muddin akwai abin tattaunawa a cikinsa. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka za a yi maka sassauci a kan daidaito. Mutanen da ke tantance maƙaloli a can su ne a nan.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, shiga DBLP, shafin intanet da ke tattara jerin maƙalolin ilimin kwamfuta, ka buɗe jerin maƙalolin taron na shekaru uku ko huɗu da suka wuce. Karanta biyar daga farko har ƙarshe. Idan ka gama ba ka ga ko ɗaya da aikinka zai iya zama kusa da ita ba, to ba taronka ba ne, nemi wani.

Mataki na biyu: karanta sanarwar bana, ba ta bara ba

Kowace shekara masu shirya taron suna fitar da sanarwar neman maƙaloli, kuma sharuɗɗan suna sauyawa. Ɗauki biro ka fitar da waɗannan: adadin shafuka da ko jerin manazarta na cikin lissafin, nau'in maƙalar da ake karɓa (cikakkiya, gajeriya, ko ta bayyana ra'ayi), ko ana ɓoye sunan marubuci, shafin da ake turawa ta cikinsa, da ranakun ƙarshe. Wani lokaci ranar tura tsakure daban take da ranar tura maƙala, kuma wanda ya rasa ta farko ya rasa ta biyu.

Ka kuma duba ko za a buga maƙalolin a kundin dindindin, kamar ɗakin karatun intanet na ACM, ƙungiyar masana kwamfuta. Wannan yana da amfani, domin aikin zai samu lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano shi da ita a intanet, kuma jami'arka za ta iya lissafa shi. Yana kuma da sharaɗi: abin da aka buga an buga shi, ba za ka sake kai shi babban taro ba sai ka ƙara masa aiki mai yawa. Idan kana ganin sakamakonka zai kai matsayin babban taro nan da wata shida, zauna da malamin da ke duba aikinka ku yanke shawara tun yanzu. Gajeriyar maƙala takan bar maka sarari fiye da cikakkiya. Tura aiki ɗaya wurare biyu a lokaci guda kuwa haramun ne a wannan fage, kuma mutanen fannin ba su da yawa, sun san juna.

Mataki na uku: rubuta da'awarka a jimla ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da ta faɗi abin da ka tabbatar. Ba abin da kake fata ba, ba abin da fannin ke buƙata ba. A ce ka ƙirƙiri tsarin nau'i, wato ƙa'idojin da ke tantance irin bayanin da kowane sashe na manhaja zai iya ɗauka, da ke hana manhaja taɓa abin da babu shi, wato null. Jimlar "mun magance matsalar null a Java" ba gaskiya ba ce, kuma duk mai tantancewa ya sani. Jimlar gaskiya za ta yi kama da haka: "Mun ƙara null da sauya ƙimar filaye a kan Featherweight Java, mun ba shi tsarin nau'i, mun kuma tabbatar a Rocq cewa duk shirin da tsarin ya amince da shi ba zai taɓa null ba." Wannan jimla ta fi ƙanƙanta, amma ita ce za a karɓa.

Featherweight Java da na ambata ƙaramin samfurin Java ne da Atsushi Igarashi da Benjamin Pierce da Philip Wadler suka gabatar a 1999. Sun cire kusan komai daga harshen, har da null da sauya ƙima da jefa kuskure, don hujjar ta zama gajeriya a iya bin ta da ido. Haka ake aiki a fannin: ba ka tabbatar da abu a kan harshe gaba ɗaya, sai a kan samfurinsa. Saboda haka tambayar farko da mai tantancewa zai yi ita ce, me ka cire, kuma shin abin da ka cire ba shi ne inda matsalar take kwance ba?

Wannan tambaya tana da tarihi. A 2016 Nada Amin da Ross Tate sun nuna cewa tsarin nau'in Java da na Scala suna da ɓaraka: da ɗan gajeren shiri ana iya sa na'urar fassara ta yarda cewa lamba rubutu ce, ba tare da an yi wata tilastawa ba. Abin da ya buɗe ɓarakar shi ne null, wanda samfuran lissafi da yawa suka ajiye gefe a kan cewa ƙaramin abu ne. Hujjojin da aka yi a kan samfuran daidai suke. Tazarar da ke tsakanin samfuri da harshen gaske ce ta ɓoye matsalar shekara da shekaru.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mai tabbatar da shirye-shirye. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa hanyar binciken raba-biyu da ke cikin ɗakin kayan Java tana da kuskure. Ana neman tsakiyar jeri ne ta haɗa lambar ƙasa da ta sama a raba biyu. A lissafin takarda babu laifi. A Java kuwa int, wato nau'in cikakkiyar lamba, ba ya wuce 2,147,483,647, don haka idan jerin ya yi girma sosai jimillar sai ta kife ta koma lamba mara kyau. Wanda ya yi hujjarsa yana ɗaukar int a matsayin lamba marar iyaka zai samu hujja mai kyau a kan shiri mai kuskure. Ka lura cewa a Dafny nau'in int ba shi da iyaka sai ka sa masa. Idan haka ka bar shi, ba laifi, amma ka faɗa a fili.

Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya buɗe sashe na musamman, ko da rabin shafi ne, ya jera abin da ya ɗauka ba tare da hujja ba. Lambobi marasa iyaka ne? Zare ɗaya, wato layin aiki ɗaya, kawai ke gudana? Ma'ajiyar kwamfuta ba ta cika? Ka amince da Z3, kayan aikin da ke warware hujjoji da kansa, a kan duk abin da ya ce? Ɗalibai da yawa suna tsoron wannan sashe, suna ganin tona asirin kansu ne. A nawa ganin shi ne sashen da ya fi sa a yarda da marubuci. Mai tantancewa zai gano abubuwan ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, kuma idan shi ya tono su da kansa, sai ya fara shakkar sauran maƙalar.

Kada ka raina sakamakon da bai zo yadda ka so ba. A 2015 Stijn de Gouw da abokan aikinsa sun zauna su tabbatar da TimSort, hanyar jera bayanai da Java da Python da Android suke amfani da ita a lokacin, da kayan aikin KeY. Hujjar ta ƙi kammaluwa. Da suka bi dalili sai suka tarar wani sashe na shirin ba ya kiyaye sharaɗin da aka ce yana kiyayewa, har suka haɗa jerin da ke karya manhajar Java. Hujjar da ta ƙi fita ita ce ta zama binciken. Idan taka ta maƙale a wuri ɗaya kuma ka fahimci dalili, wannan abin kai wa taron bita ne.

Mataki na huɗu: tsara maƙalar

Tsakure ya ɗauki matsalar, abin da ka yi, da jimlar da'awarka. Gabatarwa kuma ta fara da shiri na gaske, layi goma ko ƙasa da haka, wanda ke nuna matsalar a aikace. Kada ka ɓata sakin layi biyu kana bayanin cewa manhaja tana da muhimmanci a rayuwar zamani. Masu karanta ka sun ba da rayuwarsu ga wannan. Riƙe wannan misali ɗaya har ƙarshen maƙalar. Duk ƙa'idar da ka kawo, nuna yadda take aiki a kansa.

Daga nan sai tsarin harshen, ƙa'idojin gudanarsa, ƙa'idojin nau'i ko na hujja, sannan babban sakamako. Kowace alama ka bayyana ta kafin ka yi amfani da ita, kuma ka bi alamomin da fannin ya saba da su. Idan kowa yana rubuta Γ don mahallin nau'i, kai ma rubuta Γ. Shafi cike da ƙa'idoji babu bayani ba ya burge kowa. Zaɓi uku ko huɗu da sabon abu yake cikinsu ka yi musu bayani da kalmomi, sauran ka tura su rataye.

Idan ingancin tsarin nau'i kake tabbatarwa, hanyar da aka saba tun aikin Andrew Wright da Matthias Felleisen na 1994 ita ce ta tsarin jimla, wadda yau ake raba ta gida biyu: shirin da ya samu nau'i ko dai ya gama ko yana da matakin gaba, kuma idan ya taka matakin nau'insa ba ya lalacewa. Faɗi sakamakon dalla-dalla, ka bayyana wurin da hujjar ta yi wuya da dabarar da ta warware shi. Sauran sassan da kowa zai iya yi, jimla ɗaya ta ishe su.

Bitar ayyukan da suka gabata ba jerin sunaye ba ce. Ɗauki ayyuka uku ko huɗu mafi kusa da naka, ka faɗi abin da kowanne ya iya wanda naka bai iya ba, da akasin haka. Duba jerin 'yan kwamitin tantancewa da ke shafin taron. Idan ɗayansu ya yi aiki a kan matsalarka, akwai yiwuwar maƙalarka a hannunsa za ta faɗa, kuma ya kamata a ce ka karanta shi da kyau.

Mataki na biyar: tsabtace hujjar da ke cikin kwamfuta

Idan ka rubuta "an tabbatar da na'ura", to ya zama haka ɗari bisa ɗari. Bincika fayilolinka ka nemo duk inda ka tsallake: Admitted a Rocq, sorry a Lean da Isabelle, assume a Dafny. A Rocq umarnin Print Assumptions zai nuna maka duk abin da sakamakonka ya dogara a kai, a Lean kuma #print axioms. Abin da ya fito, shi za ka rubuta a maƙala. Idan saura lema biyu, wato ƙananan sakamakon da babban ya dogara a kansu, ba ka gama ba, ka ce saura biyu, ka faɗi waɗanne.

Rubuta lambar sigar kayan aikin da ka yi amfani da shi, domin hujjar da ta wuce a wata siga tana iya karyewa a ta gaba. Ba wani abokinka fayilolin ya gwada a kwamfutarsa ba tare da ka taimaka masa ba. Sannan ka haɗa ɗan teburi da ke nuna sunan kowane sakamako a maƙala da sunansa a cikin fayil. Zenodo yana ajiye irin waɗannan fayiloli kyauta ya ba su DOI. Idan taron na ɓoye suna ne, kada ka sa adireshin GitHub ɗinka. Haɗa fayilolin da maƙalar, ko ka yi amfani da ma'ajiyar da ke ɓoye sunan mai ita.

Mataki na shida: tsari da turawa

Da LaTeX ake rubutu a fannin. Idan ACM ce ke bugawa, samfurin acmart za ka ɗauka, da zaɓin da sanarwar ta ambata. Zaɓin review yana sa lambar layi, anonymous kuma yana ɓoye sunaye. Kada ka matse tazara ko ka rage girman harafi don ka samu wuri, ana iya mayar da maƙala saboda wannan kaɗai. Overleaf, shafin rubuta LaTeX a intanet, yana da daɗin aiki tare, amma ka ajiye TeX Live, manhajar LaTeX da ba ta buƙatar intanet, a kwamfutarka da kwafin komai, saboda ranar da wuta ko intanet za su ɗauke.

A tsarin ɓoye suna, ka ambaci aikinka na baya kamar na wani ne. Ka cire godiya da sunan jami'a, ka kuma duba bayanan da ke maƙale a cikin fayil ɗin PDF.

Yawanci ta shafin EasyChair ko na HotCRP ake turawa. Buɗe asusu mako guda kafin lokaci, ka cike sunayen marubuta da waɗanda bai kamata su tantance ka ba, kamar malaminka da abokan aikinka na kusa. Ana iya sake ɗora fayil har lokaci ya cika, don haka ɗora abin da kake da shi kwana biyu kafin ranar, ka ci gaba da gyara.

Sai batun agogo. Za ka ga an rubuta AoE kusa da ranar ƙarshe, ma'ana muddin ranar ba ta ƙare a ko'ina a duniya ba, ƙofa a buɗe take. Wannan agogo yana bayan na Greenwich da awa 12. Ƙarfe 11:59 na daren ranar ƙarshe ya yi daidai da 12:59 na ranar washegari a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, 11:59 na safe a Ghana, 1:59 na rana a Sudan. Ka san wannan don hankalinka ya kwanta, amma kada ka gina shirinka a kan waɗannan awowi.

Mataki na bakwai: sakamako

Bayan 'yan makonni za ka samu rahotanni, galibi biyu ko uku. Karanta su, ka rufe, ka dawo washegari. Daga nan ka raba maganganun: inda ka yi kuskure, inda ba a fahimce ka ba, da inda ra'ayi ne ya bambanta. Kashi na biyu shi ne ya fi yawa, kuma gyaransa a wuyanka yake. Idan masani ya karanta ma'anar da ka bayar ya fahimce ta a karkace, to rubutun ne ke buƙatar gyara. Idan an ce an samu shirin da ke karya sakamakonka, bar komai ka gwada shi a samfurinka kafin ka ce uffan.

In ba a karɓa ba, ka samu karatun masana biyu ko uku kyauta, gyara ka nemi taro na gaba. In an karɓa, za a ba ka ɗan lokaci ka tura kwafin ƙarshe, ka mayar da sunaye, ka cike takardar haƙƙin bugawa. ACM tana neman lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ga marubuta, kuma yin ta kyauta ne. Daga farkon 2026 duk abin da ACM ke bugawa a buɗe yake ga kowa ya karanta, wanda ke nufin akan nemi kuɗin bugawa daga marubucin da jami'arsa ba ta cikin yarjejeniya da su. Tun kafin ka tura, duba shafinsu ka ga matsayin jami'arka da ƙasarka da hanyar neman rangwame ko yafewa.

Mataki na takwas: tafiya da gabatarwa

Dole ɗaya daga cikin marubuta ya yi rajista ya gabatar. Ga wanda zai taso daga Kano ko Zariya ko Yamai, biza ce babbar matsala, domin tsakanin sanar da sakamako da ranar taro sau da yawa makonni ne kawai. Dokar bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ta yarda a nema tun wata shida kafin tafiya, ana yanke hukunci cikin kwana 15 a al'ada, amma yana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa. Saboda haka ranar da ka tura maƙala, ranar za ka duba fasfonka ka fara neman ranar ganawa. Da zarar an karɓa, nemi wasiƙar gayyata daga masu shirya babban taron. Tambaye su kuma ko suna ɗaukar ɗalibai 'yan sa-kai, waɗanda akan yafe wa kuɗin rajista a madadin aikin da za su yi. Malamin jami'ar gwamnati a Najeriya ya tuntuɓi ofishin da ke kula da harkokin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a makarantarsa kan tallafin halartar taro. Idan ka ga bizar ba za ta fito ba, rubuta wa shugabannin taron da wuri ka nemi izinin gabatarwa ta intanet. Sanarwar mako uku ta fi ta kwana biyu samun amsa mai daɗi.

A wurin gabatarwa, mintunan da za a ba ka ba za su ɗauki maƙalar duka ba. Fara da misalin shirin nan naka, nuna inda yake karyewa, kawo ƙa'ida ɗaya ko biyu da suka gyara shi, faɗi sakamakon, sannan ka nuna jerin abin da ka ɗauka ba hujja. Ajiye cikakkun ƙa'idojin a shafukan baya saboda masu tambaya. Ka ƙare da abin da ya gagare ka, ka faɗe shi a matsayin tambaya ga zauren, domin a cikin mutum ashirin ko talatin da ke zaune akwai yiwuwar wani ya taɓa yin karo da ita. Roƙi wani ya rubuta maka tambayoyin da aka yi da sunayen masu yin su, ka same su lokacin shan shayi, sannan ka aika wa kowannensu saƙo cikin makon da ka dawo gida.